Inna da Taubasan Turai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi ran surukata, mahaifiyar maigidana, wadda yara da manya a nan Maryland suke kira Inna. A gidanmu na Laurel aka yi zaman makoki, kuma tun da nake ban taɓa ganin gidan rasuwar da aka yi dariya a cikinsa kamar namu ba. Kuka kam an yi shi. Amma sai mace ta shigo idonta jawur, ta durƙusa ta ce ya haƙuri, a ce mata da godiya, ta nemi wuri ta zauna tana share hawaye. Can sai ta ɗago ta ce, "Kun san abin da ta taɓa ce mini?" Shi ke nan, falo ya ɗauka.

Wata 'yar Damagaram mai yin kitso a Lanham ta ce ranar wani suna ta kafa ɗaurin ɗankwali har yana neman taɓa fanka. Inna ta kira ta gefe ta ce, "Rage tsayin nan, 'yata. Sarauniyar Faransa ma da tsayin gashi ta fara, ƙarshenta kan ne gaba ɗaya aka cire." Wani babban likita daga Germantown, wanda ko murmushinsa ba a cika gani ba, ya tsaya a bakin ƙofar falon mata ya ce shi da ɗingishi ya taɓa shigowa gidan nan. Inna ta dubi babban yatsan ƙafarsa ta ce, "Barka, ka shiga sahun manya. Ciwon sarakuna ne. Ka rage tsire." Wata tsohuwar Baturiya mai aiki a laburaren unguwarmu ta zo da gyale a karkace, tana kuka kamar 'yar'uwarta ce ta rasu. Ta ce shekara da shekaru duk Talata suna shan shayi tare, suna gulmar mutanen da suka daɗe da zama ƙasa.

Da hayaniya ta yi yawa, limaminmu ya yi gyaran murya daga wajen maza ya ce, "Jama'a, gidan rasuwa ne fa." Aka yi tsit. Sai ya ƙara da cewa, "Ko da yake ni ma ita ta ba ni labarin sarkin Ingila da ya canja wa ƙasa guda ɗarika don an hana shi sakin matarsa. Har a wa'azi na kawo shi." Maza suka kwashe da dariya, shi ma ya rufe baki da hannun riga.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Yaranmu suna girma da Turanci a baki, kuma ina tsoron abin da za su riƙe na kakarsu bai wuce wata tsohuwa mai tabarau a gaban talabijin ba. Inna ta fi haka nesa ba kusa ba.

Nas ce, ungozoma. Tana cikin 'yan matan Arewa na farko-farko da aka tura Ingila koyon jinya. Ta ce a can son tarihin sarauta ya kama ta. An kwantar da wata tsohuwa a ɗakin da take aiki, ba mai zuwa duba ta, kayanta duka a cikin wata 'yar jaka. Idan Inna tana goge mata jiki sai tsohuwar ta riƙa ba ta labarin gidan ubanta a Rasha, da dawakai, da bayi, da rawar da ake yi a fada. Sauran nas-nas suka ce ruɗewar tsufa ce. Da ta rasu aka buɗe jakar, sai ga hotonta tana yarinya cikin kayan fada, an jera ta da 'ya'yan manya. Inna ta ce, "Ranar na ce sai na san yadda mutum yake faɗowa daga can zuwa gadon asibitin talakawa, har ya zama ni 'yar Kano ce mai rufe masa ido." Daga nan ba ta ƙara barin littafin tarihin sarauta ya wuce ta ba.

Ta zo mana ne lokacin haihuwata ta fari, a farkon shekarun dubu biyu, da niyyar ta yi mini wankan jego ta koma. Ba ta koma ba sai ziyara. Ni kuwa da fargaba na tare ta a filin jirgi, don an cika ni da labarin zama da uwar miji. A mota, kafin mu iso gida, ta gama yi mini bayanin yadda wata tsohuwar sarauniyar Ingila ta haifi 'ya'ya tara, ta watsa su aure cikin Turai kamar mai shuka gero, har jikokinta suka cika fadoji daga Jamus zuwa Rasha zuwa Sifaniya. Na ce a raina, wannan matar ba ta da lokacin sa mini ido a kicin. Haka kuwa aka yi.

Abin da ya sa labarinta yake da daɗi, ba ta ba da shi kamar darasi. Kamar maƙwabtanta ne na Ƙofar Mata. Tana tsinke zogale tana cewa, "Ai wannan ɗan uba ne, shi ya sa." Ko kuma, "Uwar ce ba ta kyauta ba, ta fifita ƙaramin." Idan aka zo kan mutanen Sifaniya na dā, masu doguwar haɓa, sai ta ajiye faranti ta kama baki. "A'uzu billahi! Kawu ya auri 'yar ƙanwarsa! Wai don kada ƙasa ta fita daga gida. Suka yi ta yi, suka yi ta yi, har aka haifi wanda ko tauna abinci ba ya iya yi da kyau. Ya mutu bai bar baya ba, ƙasar da ake ta tsarewa ta koma hannun bare."

Wanda ya fi tayar mata da hankali shi ne yaƙin duniya na farko. Wata rana babbar 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida a kansa. Inna ta karɓi littafin ta duba, ta mayar mata.

Ta ce, "Zauna in gaya miki. Sarkin Jamus ɗan mace ne, sarkin Ingila ɗan namiji. Uwar wancan da uban wannan ciki ɗaya suka fito. To me suke ke nan?"

Yarinya ta ɗaga kafaɗa, ta amsa da Turanci cewa ba ta sani ba.

"Taubasai! Abokan wasa! A wurinmu in sun haɗu sai tsiya da zolaya, wannan ya ce kai bawana ne, wancan ya fizge masa hula, a yi dariya a watse. Su kuwa ba su san wasan taubasai ba, sai suka ɗauko bindiga. 'Ya'yan talakawa suka ƙare a rami."

Ta juyo gare ni, idonta yana ƙyalli. "Na Rasha kuma da na Ingila iyayensu mata 'yan ciki ɗaya ne. Kama har ba a rarrabe su a hoto. Amma da talakawa suka tumɓuke na Rasha, aka ce a ba shi mafaka, ɗan innarsa ya ja baya. Ɗan innarka fa! Ni wannan ban yafe ba."

Maigidana ya ce, "Inna, an kusa shekara ɗari."

Ta ce, "Ko dubu ce."

Ranar da ta gano cewa matar nan da wani sarkin Ingila ya ajiye sarauta saboda ita a Baltimore ta tashi, gidan bai zauna lafiya ba. Daga laburare ta dawo tana haki, ko takalmi ba ta cire ba.

"'Yata! Bazawarar nan ashe maƙwabciyarmu ce! Nan Baltimore! Ɗauko mayafinki."

Na ce mata tukunya tana kan wuta. Ta kashe wutar da kanta. Muka hau jirgin ƙasa daga tashar Laurel, ni da goyo, ita da jakarta da lemarta. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana layin. Gidaje ne manne da juna, na jan bulo, matakala uku-huɗu a bakin kowace ƙofa, ba wani abin kallo. Inna ta tsaya a tsallaken titi ta riƙe ƙugu, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Daga nan? Daga wannan lungun ta fito ta girgiza gadon sarautar da ta ci mu da yaƙi? Kai, mace ba abin rainawa ba ce." Ta yi dariya har sai da wani mai wucewa ya tsaya yana tambaya ko lafiya. Ta tsayar da shi ta ba shi labarin gaba ɗaya da Turancinta na mutanen Ingila. Mutumin a unguwar aka haife shi, bai taɓa ji ba. Sai da ya raka mu har tasha.

Sau ɗaya na ga labarin sarauta ya sa ta yin shiru. Akwai wani gidan adana kayan tarihi a Washington mai cike da kayan fadar Rasha. Muka je mu biyu. Tun daga ƙofa take zuba, wannan kofin na wane ne, wancan hoton kakar wance ce. Da muka iso gaban wani ƙaramin kambu na lu'ulu'u, wanda sarauniyar Rasha ta ƙarshe ta sa ranar aurenta, sai maganar ta ɗauke. Ta nemi benci ta zauna.

Ta ce, "Kin san ɗanta namiji ɗaya ne, kuma da ciwo aka haife shi. In ya yi tuntuɓe jini ba ya tsayawa. Daga wajen kakarta ta gado abin, ba ta sani ba. Duk mutane suna zaginta, wai ta miƙa kanta ga wani boka. Ni ban taɓa zaginta ba. Uwar da ɗanta yake ihu a gabanta ta kasa yi masa komai, ko wa ya ce zai taimaka za ta bi shi."

Na dube ta, don na ji muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Mijinki ba shi ne ɗana na fari ba. Akwai wansa. Sikila ce da shi. Ni da mahaifinsu auren zumunci ne, kowa yana ɗauke da rabin ciwon a jininsa, lokacin kuwa ba a gwaji kafin aure. Ina nas, ina karɓar haihuwar 'ya'yan mutane, nawa yana gida ƙasusuwansa suna ci masa wuta. Yakan ce, Inna ki taka mini ƙafar da ƙarfi ko za ta daina. Bai kai ga shiga aji uku ba."

Ta goge tabarau da bakin mayafi, ta miƙe, ta ce mu je mu ga ƙwayayen ado na zinariya da aka ce suna benen sama. Maigidana bai taɓa gaya mini ba, don shi kansa yana jariri aka yi rasuwar, kuma ba a ambaton yaron a gidansu.

Wannan ne ya sa na fahimci rigimarta da Kawu tun kafin kowa ya fahimta. Kawu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe a ƙasar nan, ya yi aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo har ya yi ritaya, yana zaune a Lanham. Mutum ne mai murya, in ya yi sallama a ƙofa sai ka ji kamar za a fara karanta labaran duniya. Shi da Inna kullum suna waya, kullum suna musu, ba mai iya kwana biyu bai ji ɗan'uwansa ba.

Autan Inna injiniya ne a Germantown. Kawu kuma yana da 'ya, mai hankali, tana karatun haɗa magunguna. Su biyun taubasai ne na gaske, tun suna yara suke tsokanar juna, tsokana ta zama so. Ba wanda ya haɗa su, su suka haɗa kansu. Da magana ta fito, murna a wurin Inna ba a cewa komai. Ta yi guɗa a falo har maƙwabta suka leƙo. Ta ce ga ta ta zama tsohuwar sarauniya, ta haɗa Germantown da Lanham ba tare da an harba bindiga ba. Amma ta kafa sharaɗi ɗaya: a yi gwajin jini kafin a sa rana. Ta san Auta yana ɗauke da rabin ciwon. Kawu ya ce 'ya'yansa duka lafiyayyu ne, ba wanda ya taɓa kwanciya asibiti. A kan wannan ƙarfin gwiwar aka sa rana ba a jira gwaji ba, aka sanar da dangi a Kano, har wasu suka fara neman biza.

Sakamako ya fito. Yarinyar ma tana ɗauke da shi.

Aka taru a falonmu bayan la'asar ran wata Lahadi. Ina kawo shayi ina jin komai.

Kawu ya ce, "Lafiya da ciwo na Allah ne. Likitocin da kansu sun ce ba kowane ciki ba ne. An riga an gaya wa duniya. Da wane baki zan kira Kano in ce an fasa?"

Inna ta ce, "Da bakin da ka karanta wa duniya labarin yaƙi da juyin mulki, Yaya. Wannan bai fi su nauyi ba."

"Kin cika kanki da tatsuniyar Turawa masu doguwar haɓa. Mu ba su ba ne. Iyayenmu sun yi auren zumunci, ga mu nan garau."

"Ga mu nan, mu da muka rayu. Kai ka ɗauki ɗana a kafaɗarka zuwa maƙabarta. Ka manta nauyinsa?"

Kawu ya ajiye kofi.

Inna ta ce, "Ba zan tsine wa kowa ba. Manya ne, ƙasar nan ma ba mai hana su. Amma ni ba zan zauna a wurin ɗaurin auren ba, kuma ba zan ce na yarda ba alhali ban yarda ba."

Kawu ya tashi ya gyara babbar riga, ya ce tun da abin ya zama tonon silili shi ya tafi. Ya fita bai yi sallama ba.

Washegari Inna ta kira yaran biyu ɗakinta ta rufe ƙofa. Ban san duk abin da ta gaya musu ba. Na dai ga Auta ya fito ya shiga mota ya daɗe bai tayar ba. Yarinyar kuwa ta zo kicin ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Anti, a makaranta na karanta ciwon nan, na ci jarrabawa a kansa, amma yau na san shi." Bayan mako biyu ita da kanta ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce ta janye. Ba wanda ya tilasta ta.

Gidan ya yi mana duhu. Auta ya ɗauke ƙafa, in ya zo gaisuwa a tsaye yake yi. Kawu ya daina kira, in Inna ta kira ba ya ɗauka. Azumi ya zo ya wuce, a filin idi suka hangi juna kowa ya kau da kai. Inna ta rame. Amma duk Juma'a sai ta dama fura da hannunta, ta ba maigidana ya kai Lanham ya ajiye a ƙofa. Kwanon yana dawowa a wanke, ba saƙo. Ta ce, "Yana sha. In ya daina sha ku gaya mini." Haka kuma ba ta saki yarinyar ba. Ranar da ta gama karatu, Inna ta cire awarwaron zinariyar da ta yi shekaru tana ajiye wa matar Auta, ta sa mata a hannu a gaban kowa. Ta ce, "Naki ne tun farko. Aure ne ya fasu, ke ba ki fasu ba."

An fi shekara a haka, sai ga bikin jikan sarauniyar Ingila ya taso, za a nuna a talabijin. Saboda bambancin lokaci, a nan da sassafe zai kama, ana idar da sallar asuba. Inna ta farfaɗo kamar an yi mata allura. Ta gayyaci duk wanda ta sani. Ta sa na jiƙa shinkafar waina, ta dama kunun gyaɗa tukunya guda, ta ce kowace mace ta zo da kwalliya, don ba a zuwa bikin mutane da kayan barci. Gari bai gama wayewa ba falonmu ya cika, har kan matakala. Ma'aikatan asibiti da suka taso daga aiki suka biyo da kayan aikinsu. Inna ta ci leshi ruwan goro, ta zauna a tsakiya, aka rage muryar talabijin don ita ce mai sharhi.

"Ga ta Denmark can! Ku gaishe ta, 'yar dangi ce. Waccan ta Sifaniya ce, amma asalinta 'yar Girka, an kore su daga sarauta. Kai, wa ya bar yarinyar nan ta fito da wannan abu a ka? Ba ta da gwaggo ne?"

Ana cikin shewa aka buga ƙofa. Maigidana ya buɗe. Sallamar da muka ji ba ta da ta biyu a Maryland. Kawu ne, da hula da carbi, fuska a ɗaure. Kowa ya daskare.

Ya ce, "An ce ana rabon waina."

Inna ba ta ko juyo ba. Ta matsa gefe a kan kujera ta ce, "Zauna, Yaya, ka tare mini amarya."

Ya zauna. Na kawo masa waina da miyar taushe. Ya ci uku. Da aka nuno amarya tana shiga da mahaifinta, ya ce, "Wannan 'yar wane sarkin ce?"

"Ba 'yar kowa ba ce. 'Yar talakawa ce, iyayenta 'yan kasuwa."

Ya ce, "Wato su ma sun fara ɗauko bare."

"Sun sha wuya ne suka koya."

Kawu ya dubi talabijin, ya dubi ƙanwarsa, ya ce a hankali, "Ban manta nauyinsa ba. Ko kusa."

Ta kama hannunsa ta riƙe, idonta yana kan talabijin, hawaye yana bin kumatunta. 'Yar Damagaram ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa, har yarana suka sauko a guje suna tambaya da Turanci ko an ɗaura ne. Ranar ba wanda ya je aiki a kan lokaci.

Daga baya kowa ya sami rabonsa. Yarinyar ta auri wani malamin jami'a ɗan Sakkwato, Auta ya auri wata nas 'yar Kumasi mai Hausa da gardi, kuma ko'ina sai da Inna ta ga takardar gwaji da idonta kafin ta yi guɗa. Auta ya daɗe kafin ya huce. Ranar sunan ɗansa na fari ya ɗauko jaririn ya ɗora mata a cinya, ya durƙusa ya kifa kansa a gwiwarta. Ita kuma ta shafa kansa.

Zuciya ce ta kwantar da ita a ƙarshe. Ko a gadon asibiti ba ta canja ba. Wata yarinyar nas ta zo sa mata ruwa, Inna ta ji harshenta ta tambaye ta daga ina. Ta ce Bulgeriya. Inna ta yunƙura sai da na sa mata matashi.

"Ƙasar sarkin da ya hau gado yana ɗan yaro! Aka kore shi, ya tsufa a gudun hijira, ya dawo ya tsaya zaɓe ya ci, ya zama firayim minista! Ku ne kuka yi wannan abin mamakin?"

Yarinyar ta saki baki. Ta ce tun da ta zo Amurka ba wanda ya taɓa sanin ko ina ƙasarsu take, balle sarkinsu. Ta ce sai ta gaya wa mahaifiyarta. Inna ta ce, "Ki gaishe ta. Amma ki canja hannu, jijiyar nan ta gaji, ga mai kyau nan a hagu." Yarinyar ta duba, ta yi dariya, ta canja.

Kwana biyu kafin rasuwarta Kawu ya zo da sandarsa, don gwiwoyi sun riga sun ci shi. Ya zauna a gefen gado ya ce ya yi magana da dangi, in ta Allah ta kasance za a kai ta Kano, kusa da iyaye.

Ta ce, "A'a, Yaya. Kada ku wahalar da ni a jirgi. Ƙasar duk ta Allah ce. Jikokina a nan suke, ina so su san inda za su tsaya su yi mini addu'a."

"To ni fa? Ni na riga ki zuwa duniya, ni ya kamata in riga ki tafiya."

"Kullum kai kake riga ni magana. Wannan karon ka bar ni."

Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta rasu ran Alhamis da hantsi, kalmar shahada a bakinta, hannunta a cikin nawa.

Mu mata ba mu je maƙabarta ba, maigidana ne ya ba ni labari. Ya ce da aka zo sa ta, shi da Auta suka sauka cikin kabari. Sai Kawu ya miƙa wa liman sandarsa ya ce a riƙe masa. Aka ce Alhaji ka bari, ƙafarka ba za ta iya ba. Ya ce shi ya fara ɗaukarta ranar da aka haife ta, ungozoma ta miƙo masa ita yana ɗan yaro, don haka shi zai kwantar da ita. Mutum biyu suka riƙe shi ya sauka. Ya tallafi kanta, ya juyar da fuskarta alƙibla, ya gyara likkafanin a hankali kamar mai gyara wa yaro bargo. Da aka gama ya kasa fitowa, sai da 'ya'yanta biyu suka ɗago shi a kafaɗunsu.

Ya Allah, baiwarKa ce ta zo gare Ka. Ta karɓi 'ya'yan mutane da hannu biyu, Ka karɓe ta da rahama. Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka sada ta da ɗanta a inda babu ciwo. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu haƙurin rashinta, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.